Shekarun Jin Wei a Gaban Kotu

Balik Pulau, 9 ga Yuni

Yaya Phaik Suan,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ciwon gwiwar Mama ma ya lafa. Ni lafiya lau, cikina ya shiga wata na bakwai.

Jiya aka yanke hukunci. Kin san marigayi surukina ya bar gonar duriyan, itacen nan mai manyan 'ya'ya masu ƙaya, a wasiyya ga "jikokina da suka cika shekara ashirin da ɗaya". Alƙaliya ta ce ranar da jikan farko ya cika ake rufe ƙofar gado, wanda aka ɗauki cikinsa bayan ranar ba ya ciki. Huat, yayan mijina, ya ɗauka ɗansa Jin Wei ya daɗe da rufe ta, don tun sabuwar shekarar bara ya yanka alade, ya rataya wa yaron makullin zinariya na cika ashirin da ɗaya. Ashe ƙirgen gida ya yi, wanda ake ba jariri shekara guda ranar da ya faɗo. Kotu takardar haihuwa ta duba. Sai Maris ɗin bana ya cika, ina da cikin wata uku. Gona ta zama ta mutum biyu, shi da abin da ke cikina.

A littattafan da nake karantawa, nan ne 'yan'uwa ke rungumar juna suna kuka, har na tanadi hankici. A wurin ajiye motoci Huat ya kwaɗa wa mijina Kheng hular kwano a baki, haƙora biyu suka zubo. Yana dukansa yana cewa, "Shekara biyar ba ku iya haihuwa ba, rago, sai da tsoho ya mutu?" Ni kuma ya nuna ni da yatsa: "Ke Malama mai littafi, a dai sauka lafiya."

Kada ki gaya wa Mama.

Ƙanwarki,
Phaik Lean

Asibiti, 21 ga Yuni

Yaya,

Ina gaishe ki, ya jikin Mama? Ki yi haƙuri da rubutun, allura ce a hannuna.

Ranar Talata da tsakar rana ina rumfar gona ina karatu, Huat ya iso da adda. Ya ɗauki duriyan mafi girma ya jefe ni a ciki da hannu biyu. Ƙayoyin sun ratsa riga. Na faɗi, ya ɗaga ƙafa, Kheng ya faɗo a kaina, Huat ya kai sara, addar ta same shi a kafaɗa har ƙashi. Ban san jini yana da ɗumi haka ba.

An yi mini aiki. Mace ce, tana cikin kwalba, ba ta kai tsawon hannuna ba, amma tana numfashi.

Surukata ta zo da miyar kaza da citta. Ta ce, "'Yata, ki ce wa 'yan sanda santsi ne ya kwashe ki. Kan ɗan ƙwarzane za ki ɗaure uban yaro?" Ban sha miyar ba.

Lauya ma ya zo, da fara'arsa, wai tunda an haife ta da rai tana cikin masu gado. Na tambaye shi yaushe rabonta zai zama nata. Ya ce sai ta cika ashirin da ɗaya, in ba ta kai ba duka na Jin Wei ne. An kuma ba da belin Huat jiya.

Shekara ashirin da ɗaya, Yaya, kuma katanga ɗaya ce tsakaninmu da shi.

Ki share mana ɗakin bayan shagonki a Ipoh. Ko surukata ta tambaya, ba ki san inda muke ba.

Taki har kullum,
Phaik Lean