Na Sake wa Keken Kai

Zuwa ga Yaya Salifu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lahiya, kai da Rabi da yara. Yaya zaman Kwatano, yaya hidima? Mu nan Bazaga gero ya yi kai, Inna kuma ƙafa ta yi sauƙi.

Zancen keken nan mai manyan tayu da ka aiko mini ne. A cikin rairayi babu kamarsa, amma kansa miƙaƙƙe ne, a duƙe nake tuƙi. Kafin in kai lakwal inda nake koyarwa hannun dama ya mutu, ko alli ba na iya riƙewa. Ranar kasuwa na kai shi Konni, na zaɓi kai mai faɗi wanda ya lanƙwaso baya kamar ƙahon saniya. Mai gyara ya ce, "Malam, da wannan zama za ka yi kamar ma'aikaci a kujerar buro."

Gaskiyarsa, bayana ya miƙe. Amma sati uku ke nan hannun bai dawo ba. Jiya ina alwala buta ta suɓuce mini, alhali ranar ko keken ban taɓa ba. Likita ya murza yatsun, ya ce sai babban asibitin Yamai. Ka tuna haka ciwon Baba ya fara, shi da bai taɓa hawan keke ba.

Inna ba ta sani ba, kada ka gaya mata. A sa ni a addu'a, ko na samu in kai 'yan ajina jarrabawa. Ka gai da Rabi da Kawu Idi.

Ka yi haƙuri da rubutun, da hagu na yi shi.

Ƙanenka,
Mamman