P ɗin da na ɗauka sallah ce

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Admin don girman Allah a ɓoye sunana. Shawara na zo roƙo, don Allah ku ba ni, wanda kuma ya san zagi ne kawai a bakinsa ya wuce abinsa, gidana ya sha zagi shekara talatin da ɗoriya, ba mu rasa ba.

Da wani ɗan sauti abin ya fara, ƙyat. Ina tsugune ina tankaɗe garin masara a tsakar gidanmu a Zongo, nan Kwatano, sai na ji ƙyat a bayana, na waiga na ga maigidana riƙe da wani ɗan agogo mai igiya yana dariya, wai yana auna minti nawa nake cinyewa a kwano ɗaya. Kurono suke ce masa. Ƙarshen zamanin juyin juya hali ne, lokacin da kowa kamarad ne a wurin aiki. Maigidana yana ofishin tsara aiki a wani kamfanin gwamnati da ke ɗura gari a buhu ta wajen Godome, Yayana kuma, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne a kan injin ɗinke bakin buhu. Mu biyu kaɗai iyayenmu suka haifa. Yayan ne ma ya haɗa ni da maigidan, tare suke tafiya aiki a babur ɗaya.

A shekarar aka kawo musu ordinatar, wato kwamfuta, guda ɗaya a ofis, da wani abu a cikinta da suke kira tablar, irin wannan mai gidaje-gidaje da yaran yanzu ke buɗewa a laptop, ka zuba lambobi layi-layi ita kuma ta fitar maka da sakamako. Aka ce maigidana ya bi layin aikin da kurono wata guda, ɗuri, awo, ɗinki, lodi, ya rubuta minti nawa kowane mataki ke ci da duk lokacin da aiki ya tsaya, a zuba a tablar a ga inda buhuna ke cushewa. Murna yake yi sosai, ya ce mini injin Yaya ya tsufa, shekara biyu ana kuka ba a saurara ba, yanzu lamba za ta yi magana a sayo sabo.

Ni na yi lekwal, wato boko, har aji huɗu na sakandare, rubutuna mai kyau ne, shi kuma nasa kamar tafiyar kaza. Sai ya riƙa bar mini littafin da yake rubutu a ciki, in kwafe a babbar takarda mai gida-gida, sakatariya ta buga a ordinatar. Akwai gida biyu a jere, ɗaya na tsayawar inji, ɗaya na rashin ma'aikaci a wurin aikinsa. A layin Yaya sai na ga kusan kullum an rubuta P wajen ƙarfe biyu, minti ashirin, wani lokaci talatin, sai kuma wata P ɗin bayan ƙarfe huɗu. Wallahi ko ɗar ban ji ba. Ƙarfe biyu da ƙarfe huɗu, me Musulmi zai tuna in ba azahar da la'asar ba? Na ce prière ce, wato sallah. Har daɗi na ji, na ce Yayana ko a cikin 'yan gurguzu bai yar da sallarsa ba. Na zuba mintocin duka a gidan rashin ma'aikaci, kuma don iyayi na rubuta prière cikakke a gefe, sau ashirin da wani abu.

Ashe panne yake nufi, lalacewar inji. Injin ne ke ɗaukar zafi in rana ta take ya tsaya, a jira ya huce, ya sake yi da la'asar. Yaya a lokacin hutun cin abinci yake sallarsa a bayan buhuna.

Tablar ba ta san wannan ba, abin da aka ba ta ta tara. Ta nuna inji lafiya lau, mai injin ne ke barin aiki kusan awa guda kullum, shi ke tsayar da layi gaba ɗaya. Takardar ta hau sama kafin maigidana ya zauna ya duba ta da kyau, lokacin kuma ana neman waɗanda za a rage. Darakta ya kira Yaya a gaban mutane ya tambaye shi, kamarad, masallaci ka zo ko aiki, ya nuna masa takarda da sa hannun surukinsa a ƙasa. Maigidana ya ruga wurin shef ɗinsa, shugaban ofishinsu, ya ce akwai kuskure, shef ya ce sunaye sun riga sun tafi ma'aikatar minista, in ya ce tablon, wato takardar lissafin da ya sa wa hannu, ƙarya ne to zagon ƙasa ne ga juyin juya hali, ya san inda ake kai masu yin haka. Aka sallami Yaya.

A ranar, da la'asar, maigidana ya dawo ya shimfiɗa takardar a kan tabarma ya ɗora yatsa a kan rubutuna. Bai daka mini tsawa ba, da ya yi ma da na fi samun sauƙi. Na ɗauki mayafi zan tafi gidan Yaya, ya tare ƙofa, ya ce shi in Yaya ya ƙi shi suruki ya ƙi, ni kuwa in ya ƙi ni ba ni da kowa a duniya, kuma bai yafe mini ba in na buɗe baki. Na ajiye mayafin. Gaskiya ba biyayya kaɗai ba ce, tsoro ne, kuma na ji daɗin samun abin fakewa.

Daga nan wuta ta kama. Yaya ya bi Zongo kaf yana cewa surukinsa ya yi masa ƙarya da sallah don ya samu girma a wurin arna. In maigidana ya shiga sahu Yaya sai ya canja sahu. Matarsa Larai ta laƙa wa yarana 'ya'yan Tablo, har yau tsofaffin unguwa da sunan suka san su. Naman layya in mun aika sai a dawo da shi a kwanonsa, wata shekara ma a ƙofarmu Larai ta juye shi a ƙasa. Yaya ya koma zemijan, wato acaɓa, yana da shekara arba'in, mota ta buge shi, har yau da ɗingishi yake tafiya, Larai ta ce ƙafar ma a wuyan mijina take. Da Innarmu ta rasu, Yaya ya janye hannun maigidana daga makara a gaban jama'a. Duk wannan ni yana amsa gaisuwata, yana ce mini baiwar Allah, Allah ya haɗa ki da azzalumi. Ni kuma in sunkuyar da kai. Wani lokaci haushin Larai kamar ya kashe ni, sai in tuna wace ce ta riƙe biron.

Yanzu wata biyu ke nan maigidana ya faɗi, ɓarin jiki ya shanye, baki ya tafi, likita ya ce mu yi ta addu'a kawai. Makon jiya na je unguwar Zogbo inda Yaya ya koma da zama, na durƙusa na ce ya zo ya duba shi ko sau ɗaya. Ya ce ko gawarsa ba zai sallata ba, su haɗu gaban Allah ya kawo kuronon nasa a auna. Larai tana daga ɗaki tana cewa ai tun a duniya aka fara, bakin da ya yi ƙarya da sallah shi aka fara kamawa. Na ɗauki takalmina na fito.

To ku gaya mini. In faɗa wa Yaya, alhali mijina ya ce bai yafe ba, kuma yanzu ba shi da bakin da zai janye? Na tambaye shi sau uku, ido kawai yake zuba mini, ban san ko to yake nufi ko a'a ba. In na faɗa, na san halin Yaya, zai iya mutuwa bai sake kallona ba, ko ma ya ce ƙirƙira na yi don in wanke mijina, tunda takardar ta daɗe da ɓata. In kuma na yi shiru, bawan Allah nan zai shiga kabari da sunan da ba nasa ba, 'ya'yana su gaje shi. Malaman cikinku, wanne ya fi nauyi a kaina? Mata 'yan'uwana, in ku ne ta ina za ku fara?

Abin da ya sa na kasa haƙura na rubuto yau, jikata ce 'yar shekara bakwai, wadda ke kiran maigidana Alhaji, Yaya kuma Kawu Babba. A Islamiyya aka koya musu cewa wanda ya zalunci mutum Allah ba ya yafe masa sai mutumin ya yafe. Ta dawo ta same ni ina ba kakanta kunu da cokali, ta tsaya da jakarta a kafaɗa ta ce, "Kaka, ai ke kina nan lokacin. Ki gaya mini abin da Alhaji ya yi wa Kawu Babba, ni sai in je in ba shi haƙuri, tunda shi bakinsa ya daina magana."