Yadda Bakoji Ya Shiga Ƙungiyarmu

Unguwar Magajin Gari,
Birnin Gwari.

Zuwa ga Yayana Abdulkahar,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Allah Ya ƙara rufin asiri, Ya tsare ku a can Fatakwal. Mu nan lafiya lau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma zuwa islamiyya da kanta. Zakiyya ta yaye Muslimat, yarinyar kuwa ba ta ba mu wahala ba. Masara ta yi kyau bana, sai dai gonarmu ta bakin daji har yanzu ba mu koma mata ba.

Saƙonka ya iso ta hannun Bature direba, cewa ka samo mini wurin gyaran babur, in kwaso Inna da iyali mu taho. Na gode, Yaya, Allah Ya bar zumunci. Na san labarin dajinmu da kake ji a rediyo ne yake hana ka sukuni. Ban ba ka amsa a waya ba ne don idan ka fara magana ba na iya katse ka. Shi ya sa na zauna na rubuta, in gaya maka abin da ya riƙe ni.

Shekara biyu ke nan da muka kafa Ƙungiyar Zumunta a unguwarmu. Mu ashirin da bakwai ne, akwai malamin makaranta, akwai mahauci, akwai 'yan acaɓa. Duk Asabar bayan sallar asuba muke fitowa da shebur da fartanya mu yi aikin gayya: yashe kwata, cike ramukan hanyar Kusasu, ko gyara katangar wata gwauruwa da ruwa ya rushe. Laraba mukan je asibiti duba marasa lafiya, mai iya ba da jini ya bayar. Juma'a bayan la'asar kuwa zama muke yi a ƙofar gidan shugabanmu, Malam Abarshi, ƙarƙashin mangwaro. Kowane mako gida ɗaya ne ke kawo abinci, a ci, a yi raha, a tsara aikin gobe. In ka ji dariyar da ake yi a wurin, ba za ka ce garin nan ne ake ba ka labari ba.

Watan jiya ne ƙungiyar ta kusa watsewa. Akwai wani makiyayi, Bakoji, da ɓarayin daji suka kwashe wa shanu, suka kashe masa ƙane, ya kwaso iyalinsa ya kafa bukka a bayan gari. Wata Asabar muna yashe kwatar kasuwa sai ga shi da addarsa. Ya yi sallama, ya naɗe wando ya shiga cikin laka. Haka ya yi Asabar biyar a jere. Idan an tashi, sai ya wanke ƙafa ya tafi, ba mai ce masa zo ka sha ruwa. A ta shida ya tsaya a garejina, ya tambaye ni cikin ladabi ko ana karɓar irinsu.

Da na kai maganar zaman Juma'a, wuri ya yamutse. Abdulbaƙi mai shayi ya miƙe ya ce shi ba zai zauna da wanda zai riƙa kai rahotonmu daji ba. Ban ga laifinsa sosai ba, Yaya, don shi kansa ya yi kwana arba'in a hannun mutanen nan, har yau ba ya iya sa takalmi a ƙafar hagu. Na ce masa ni dai ban san zuciyar Bakoji ba, amma na ga aikinsa, kuma ba mu taɓa tambayar kowa asalinsa ba kafin mu miƙa masa shebur. Aka yi ta ja, wasu har suna neman takalmansu.

Sai kallo ya koma kan Malam Abarshi. Ka tuna ɗansa Abdulfattah, wanda aka harbe a hanyar Kaduna shekara uku da suka wuce. Kowa ya ɗauka shi ne zai fara cewa a'a. Da ya buɗe baki sai ya ce makon nan biyar yana kallon Bakoji, yana neman abin da zai kama shi da shi, bai samu ba. Ya ce shi ya binne ɗa, Bakoji ya binne ƙane, kuma hannu ɗaya ne ya kashe su. Sannan ya tambaye mu, idan mutum ya gudo daga daji ya zo wurinmu muka kore shi, ina muke so ya nufa? Ya sa ni na hau babur na ɗauko Bakoji, ya matsa masa a tabarmarsa, suka ci tuwo a kwano ɗaya.

Mutum uku suka fita a ranar. Biyu sun dawo. Abdulbaƙi bai dawo ba tukuna, ni kuwa kullum da safe a teburinsa nake shan shayi, kuma ba na yi masa maganar. Juma'ar da ta wuce Mairama matar Bakoji ta aiko mana da ƙwarya biyu ta fura, aka shanye tas. Yanzu makiyaya huɗu ke fitowa aiki tare da mu.

Don haka, Yaya, ka yi haƙuri, ba zan taho ba. Ba wai hatsari ya ƙare ba ne, muna dai taka-tsantsan, ba ma bin hanya sai da ayari. Amma na ga garin nan yana gyaruwa a hannunmu, kuma ina so a yi da ni. Na shawarci Inna, ta ce ita ma nan za ta zauna, in gaya maka kai ne ya kamata ka zo da Babbar Salla. Asabar mai zuwa maƙabarta za mu share. Kabarin Baba zan fara nufa, in cire masa ciyawa da hannuna, in yi masa addu'a da sunanmu mu biyu.

Ka gaida Anti Bara'atu, da Ruƙayyatu, da ƙaramin Jaji. Inna na sa muku albarka, Zakiyya na gaisuwa. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanenka,
Tasi'u.