Kada Ka Sayi Katin Abin Sha

Yaya Jamaluddeen,

Assalamu alaikum. Ya jikin Umma, ya mutanen Ƙofar Kuyambana?

Saƙonka ya iso, na farko cikin shekara uku, tun ranar da ka tsaya a zauren gidanmu ka ce ɗan malamai ba ya aiki a jirgin ruwan 'yan shaƙatawa. Yanzu kai da matarka kuna son hawa, kana neman shawarata.

To, ga ta. Ka yanki tikiti da wuri, ya fi araha. Abinci yana cikin kuɗin, amma ka faɗa musu halal kuke ci tun kafin ku taso. Katin abin sha kuwa kada ka saya. Kuɗin giya ne, shayi da ruwa kyauta ake bayarwa. Na sani, don ni nake ɗaukar tiren, awa goma sha biyu a tsaye. Ƙafafuna sun saba, ka ce wa Umma lafiyata ƙalau.

Allah ya kawo ku lafiya. In kun zauna a teburina zan yi muku hidima kamar kowane baƙo. Kada ka ce mini ƙanenka a gaban mutane, tunda kai ka fara dainawa.

Mika'ilu