Ja Ya Taɓa Rawaya

San Pedro Sula, Litinin

Ƙanena Casimiro,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin dutse bai ƙarasa maka sauran haƙoran ba. Kada ka yi mamakin ganin takarda a ƙasan kwandon cuku. Samarin bakin layinmu sun koma karɓar wayar mutum su bincika, ni kuwa ban yarda da abin da ya fi ni surutu ba. Don Tulio direba bai san abin da ya ɗauko ba, kai ma kada ka gaya masa.

Macijin nan ne, wanda ka zana wa 'yata Nohemí a hannu don ya rufe tabon man da ya ƙone ta a rumfata. Shekara uku tana yawo da shi, ba wanda ya tanka. Jiya tana miƙa wa wani soyayyar ayaba, hannun riga ya zame, ashe ɗaya daga cikin samarin nan ne. Ya riƙe mata wuyan hannu ya juya, kamar mai duba kifi. Ya ce, "Doña, tun yaushe 'yarki ta zama ta tsallaken gada?"

Na yi dariya, na ce ɗana, wannan ko kare ta gani sai ta canza hanya. Na ƙara masa ayaba. Bai ci ba. Ka san shekara talatin ina kasuwa, ban taɓa ganin wanda ya ƙi gyara ba sai wanda ya zo da magana.

Wai macijin mai ratsi-ratsi tambarin mutanen tsallake ne, abokan gabarsu. Ranar Lahadi bayan coci za a kai ta gaban Bahago, wanda unguwar ke hannunsa yanzu, ya gani da idonsa. An sa mana ido, ba halin fita. Me ka zana wa 'yata, Casimiro?

Yayarka,
Ondina

Piedra Mansa, Talata

Yaya Ondina,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Ki kwantar da hankalinki. Kin manta abin da Baba ke faɗa mana kan ratsin macizai in za mu shiga gonar kofi? Ja ya taɓa rawaya, a haƙa kabari. Ja ya taɓa baƙi, wuce abinka. Macijin mutanen tsallake mai dafin ne, ja da rawaya a manne, kansa yana kallon tafin hannu, wato mai shi a shirye yake ya sara. Na sani, domin da hannuna na zana musu shi sau goma sha ɗaya da bindiga a kan tebur, kuma shi ya sa nake nan ina tsinkar kofi.

Na Nohemí marar dafi ne. Tsakanin kowane ja da rawaya na zana baƙin zobe, na juya kansa sama wajen kafaɗa, mai gadi ne. Ki kai hannun cikin rana ki ƙirga zoben. Duk abin da za ki faɗa musu, kada ki ambaci sunana.

Allah ya tsare ku.
Casimiro

San Pedro Sula, Laraba

Casimiro,

Gaisuwa a taƙaice. Na ƙirga. A inda fata take lafiya baƙinka yana nan daram. A kan tabon kuwa, wuri huɗu, babu shi. Ya koɗe, ja ya jingina da rawaya kamar ango da amarya. Kan kuma, in ta lanƙwasa gwiwar hannu, tabon na jan shi ya waiwayo ƙasa. Ka ce gwani ne kai.

Yarinyar ba ta cin abinci. Tana zaune tana goge hannun da lemon tsami har ya yi jini, wai wata ta ce yana cirewa. Ka ji labarin 'yar mai wankin nan da aka samu gawarta a bakin rafi bara? Ita ma saboda zane ne, ɗan ƙarami a idon sawu.

Yau da safe ina tsaye kan kaskon mai yana tafasa, na kama kaina ina auna nisan da ke tsakaninsa da hannunta. Mai ya yi tabon farko, mai zai iya cinye macijin. A kasuwa wa zai tambayi ƙuna? Ka gaya mini in akwai wata dabara kafin in yi abin da zan mutu ina gani.

Ondina

Piedra Mansa, Alhamis

Yaya,

Don Allah ki sauke kaskon nan. Sabuwar ƙuna kwana uku kafin a duba, ai kin amsa laifin ke nan. Kada kuma ki nemi wani ya maimaita baƙin, sabuwar tawada tana kumbura, ko makaho zai shafa ya gane.

Laifina ne. Fatar tabo ba ta riƙe tawada, tofar da ita take yi a hankali. Ka'idar aikin ita ce a dawo bayan wata biyu a sake bi. Ni kuwa a sati na uku na gudu, ban gaya wa kowa ba.

Amma allura tana barin sawu ko tawada ta tafi. Ki shafa wa wurin man kwakwa, ki ja fatar da yatsu biyu a cikin rana, za a ga ɗigo-ɗigon zoben. Bahago ya zauna gidan yari, ya san zane. Abu ɗaya nake tsoro. Ɓawon macijina ba irin na kowa ba ne, ina juya kowane na bakwai. Kada ki bari ya daɗe yana kallo.

Ki gaida Nohemí, ki ce kawunta yana neman gafara.
Casimiro

San Pedro Sula, Lahadi

Ƙanena,

Nohemí tana gida, ta ci abinci har ta nemi ƙari. Na shafa man, na ja fatar, Bahago ya ga zoben huɗu, ya ce yarinya ba ta da laifi. Na kama hannunta za mu tashi, sai ya ce in dakata. Ya ɗora yatsa yana ƙirga ɓawon. A na bakwai ya yi murmushi.

Ya ce, "Doña, na san hannun nan. Ki faɗa mini inda yake ku tafi ku biyu, ko ki tafi ke kaɗai ki je ki tuno."

Na faɗa, Casimiro. Ban yi masa ƙarya ba, domin ƙaryar kanta za ta dawo. Abin da na iya kawai, na ce ranar Talata kake saukowa gari awon kofi, sauran kwanaki kana cikin daji ba mai samunka. Motar Don Tulio tana isowa wurinka da takardar nan Litinin da azahar.

Kada ka tsaya ɗaukar akwatin allura. Kada ka rubuto mini inda ka nufa, ka ga abin da nake yi da shi.

Allah ya kai ka lafiya.
Ondina