Uwar Kaset Tana Tignère

Zuwa ga wana, Yaya Sali,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga wanta, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji a makwancinka, na rubuto ne in faɗa maka ɓarnar da muka yi wa kayanka. Da kana nan da ka dafe kai.

Ka tuna akwatin katakon nan na ɗakinka a Garwa? Tun da ofishin kula da dabbobi suka bar maka tsohuwar kwamfutarsu da na'urar kaset ɗinta, ka mai da gidanmu ofis. Kaset shida gare ka, su kake ta juyawa. A kan ɗaya kakan kwashe duk abin da ke cikin kwamfuta, ka rubuta sifiri a jikinsa, kana kiran sa uwa. Sauran biyar ɗin, abin da ya canza kaɗai kake ɗora musu, ka ce 'ya'ya ne. Sau nawa ka ce min, "Dija, kada a raba su. In babu sifiri, sauran banza ne." Ni kuwa sai in ce to, hankalina na kan tukunya.

To, mun raba su. Bayan sadakar arba'in ɗinka, Goggo Asta ta zauna tana ba kowa abin tunawa da kai, wannan hula, wancan carbi. Da aka zo kan akwatin, aka ga kaset shida iri ɗaya, mu ma mu shida ne a ɗakin. Kowa ya ɗauki ɗaya yana share hawaye, muna ganin mun yi adalci. Daminar da ta biyo baya kwamfutar taka ta mutu, ba wanda ya damu.

Bara na wayi gari na kasa tuno muryar marigayiya Inna. Fuskarta na nan, amma muryar ta ɓace min ƙaƙaf. Tsoro ya kama ni, Yaya. Sai na tuna ka taɓa zaunar da ita ƙarƙashin darbejiya, ka naɗi labarin yadda kakanta ya taso daga Kano da fatauci har ya yada zango a bakin Binuwai, ka adana shi a kwamfutarka.

Na ɗauki nawa kaset ɗin, mai lamba uku, na hau mota zuwa Marwa wurin Malam Buba, abokin aikinka da ya yi ritaya, yana zaune a unguwar Dougoï. Har yanzu yana da na'urar karantawa. Shi ya nuna min abin da ka yi shekaru kana ƙoƙarin koya min. Ashe farkon kowane kaset kamar kan wasiƙa ne: ga ranar da aka naɗe shi, ga lambarsa, ga ranar kaset ɗin da ya dogara a kai. Daga nan sai taswira, kowane fayil da gurbinsa, alama ɗaya ce ke nuna yana ciki ko ba ya ciki. Sai jerin sunaye, sannan fayilolin kansu, kowanne da lamba kawai.

Ya lalubo min sunan, na gan shi da idona: labarin Inna. Ya duba gurbinsa a taswira, babu alama. Tun da aka naɗi uwa ba a taɓa fayil ɗin ba, don haka ba a sake ɗaukar sa ba. Sunan mahaifiyata a gabana, ita kuwa ba ta ciki. Na yi kuka a falon mutane ba kunya.

Na bi kowa a waya, kowa ya karanto min lambar nasa, ya ba direba ya kawo min. Sifiri kuwa na hannun Goggo Asta can a garin Tignère, cikin adaka tsakanin zannuwan aurenta. Na ce ita ma ta ba direba, ta ce, "Ni ba na ba direba amanar mamaci." Da ciwon gwiwarta ta taho Marwa da kanta, kaset ɗin na ɗaure a gefen zani, sai ƙamshin turaren wuta yake.

Malam Buba ya sa uwa, sannan 'ya'yan bi da bi, ya buɗe fayil ɗin. Inna ta yi gyaran murya ta fara, Goggo ta kama hannuna ta matse. Ba ta yi nisa ba sai wani ya katse ta yana dariya: "Inna, ɗan matso kusa, ba a jin ki." Kai ne, Yaya. Muryar mutum ɗaya na je nema, ban taɓa tunanin mai riƙe da na'urar ma yana ciki ba. Sau bakwai na sa aka maimaita wurin.

Allah Ya jiƙan ka, Ya jiƙan Inna, Ya haskaka kaburburanku. Ya tara mu duka a Aljanna, kada Ya bar ko ɗayanmu a baya. Amin.

Ƙanwarka mai taurin kunne,
Dija