Katifar Inna da irin shinkafar Ɗanbaba

Bunkure, Jihar Kano.

Zuwa ga ƙanena Zaharaddini,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Rauda da yara, kuma ruwan Fatakwal bai hana ku fita nema ba. Allah Ya ƙara lafiya, Ya buɗa kasuwa. Mu nan alhamdulillahi, an sako ruwa a kanal, kowa ya duƙufa aikin rani, 'yata Mairama kuma ta sauka lafiya, an samu mace.

Na ɗauki biro ne don na san in na kira ka a waya, faɗa zan yi ta yi ba bayani ba. Maganar katifar da ka aiko wa Inna ce bara saboda ciwon bayanta. Bakina har ya gaji da jaddada wa yayanka Ɗanbaba da matarsa Murja, tunda a gidansu Inna take, cewa kada katifar ta taɓa siminti, a riƙa juya ta duk wata, kai ya koma ƙafa, a fitar da ita ta sha iska, kuma ko kofin ruwa kada a ɗora mata. Suka yi ta ce mini to, to. Ashe a leɓe kawai abin ya tsaya.

Ranar Laraba na je Kura duba Inna. Tun daga bakin ƙofa wani wari ya mare ni, kamar gasarar da ta kwana uku. Na tarar da ita a kan tabarma tana tari, ta ce wai katifar ce ke mata zafi. Zafi, a wannan sanyin! Na yaye zanin gado, na ɗaga katifa. Wallahi, Zaharaddini, sai da na fita waje na tofar da yawu. Buhu biyu na jiƙaƙƙen irin shinkafa ne shimfiɗe a ƙarƙashinta. Ka dai san yadda ake jiƙa iri a lulluɓe shi wuri mai ɗumi ya tsiro kafin a kai gona. To, yayanka ya duba duk faɗin gidan nan bai ga wuri mai ɗumi ba sai makwancin uwarsa, kuma wannan zubi na uku ne. Ƙasan katifar ya yi baƙi ƙirin da funfuna, fararen saiwoyi sun huda buhu sun shige cikin soson, kyankyasai sai gudu suke. Na danna da yatsa, wani ruwa mai yauƙi ya tsatso. Tir!

Da Ɗanbaba ya dawo daga gona, ko kunya babu, ya ce mini irinsa ya fi na kowa tsirowa bana, katifa kuma in an shanya ta za ta dawo sabuwa. Murja ta ce ai kullum tana turara ɗakin. Kwana huɗu muka shanya ta a rana, warin bai fita ba, soson ma ya soma marmashewa. Katifa ta tashi daga aiki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Inna ta sani. Ta ce wai ita ta ba shi izini, don in sanyi ya kashe iri, gidan ne zai shiga uku. Mako uku ke nan tana kwana a tabarma, ciwon bayanta ya dawo ɗanye. Ta roƙe ni kada in gaya maka, na ce ban ɗauki wannan alkawarin ba. Na taho da ita Bunkure, na ba ta gadona, an karɓo maganin tari. Amma ta kafe sai ta koma Kura ranar Juma'a. Don Allah ka kira ta ka hana ta, maganarka kaɗai take ji, kuma kada ka sake aika katifa gidan Ɗanbaba. Jiya a zaune ta yi la'asar, ko ruku'u ta kasa. Da ta sallame ta ɗaga hannu, na kasa kunne ko lafiya za ta roƙa, sai na ji tana cewa Allah Ya sa shinkafar Ɗanbaba ta yi kyau.

Ka gaishe da Rauda da yara, Nana Aisha da Muhammadu Sani. Maigidana Malam yana gaishe ka. Allah Ya sada mu da alheri.

Yayarka,
Halimatu Sa'adiyya